Me ya sa masu kashe gobarar daji suke cinna wa daji wuta da hannunsu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai warware mini. Ina karanta labarin gobarar da aka yi a jihar New Mexico ta Amurka a 2022, wadda ake kira Hermits Peak da Calf Canyon, wutace biyu ne da suka haɗe suka zama ɗaya. Ta cinye sama da eka 340,000, ita ce mafi girma a tarihin jihar, ɗaruruwan gidaje suka koma toka. Na ɗauka tsawa ce ta tayar da ita ko wani mai shan taba ya yar da guntu. Ashe ma'aikatan Hukumar Kula da Gandun Daji ta ƙasar ne suka kunna ta da kansu, wai aikin rigakafi suke yi. Ni dai kaina ya ɗaure. Wanda aka ba amanar daji, shi ne kuma zai ɗauko ashana?

Alhaji Isa:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ai wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ganganci ne. Ba a wasa da wuta, ko yaro ya san haka. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. A shekarar 2000, a jihar dai, ma'aikatan gandun Bandelier sun kunna irin wannan wuta, iska ta ƙwace ta daga hannunsu ta shiga garin Los Alamos, gidaje sama da 200 suka ƙone. Shekara 22 tsakani, sun sake maimaitawa. Wanda ya rasa gidansa, me za ka faɗa masa?

Malam Sani:
Ranka ya daɗe Alhaji, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, babu mai musu. Sai dai akwai bambanci tsakanin gangan da ganganci. Da gangan suke kunna wutar, kuma akwai dalili. Ko a waɗancan lokuta biyu an yi ganganci, wannan za mu zo kansa. Ku ɗan yi mini haƙuri, sai na koma baya kafin maganar ta fito.

Gwamnatin tarayyar Amurka na riƙe da fili kimanin eka miliyan 640, wato sama da rubu'in ƙasar, mafi yawansa a yamma. Hukumar gandun daji, wadda aka kafa a 1905, tana da kusan eka miliyan 193 daga ciki. Hukumar tana da shekara biyar kacal da kafuwa aka yi abin da ya sauya mata tunani har tsawon ƙarni. A ranakun 20 da 21 ga Agustan 1910 guguwa ta haɗe ɗaruruwan ƙananan wutace a Idaho da Montana suka zama guda. Cikin kwana biyu eka miliyan 3 ta ƙone, mutum sama da 80 suka mutu, akasarinsu masu kashe gobara ne. Mutanen da suka ga wannan da idonsu, wasunsu su ne suka zo suka shugabanci hukumar daga baya, kuma sun fito da aƙida ɗaya: wuta maƙiyiya ce, duk inda ta ɗaga kai a murƙushe ta. A 1935 suka mayar da abin doka, cewa duk gobarar da aka ba da rahotonta, dole a shawo kanta kafin ƙarfe 10 na safiyar washegari. A 1944 aka ƙirƙiro hoton beyar ɗin nan mai hula, Smokey, ana koya wa yara cewa kowace wuta a daji asara ce.

Kuma sun yi nasara. Nasarar ce ta zama matsalar yau. Dazuzzukan pine irin wanda ake kira ponderosa, da can wuta kan ratsa su duk bayan 'yan shekaru, wani wuri biyar, wani wuri ashirin. Wuta ce mai rarrafe a ƙasa, ta lashe busasshen ganye da kirare da ƙananan tsiro, ta bar manyan bishiyoyi a tsaye saboda ɓawonsu na da kauri. Da aka hana ta wucewa shekara tamanin, ɗari, sai yayi ya taru a ƙasa, ƙananan bishiyoyi suka cika tsakanin manya har mutum ba ya iya ratsawa. Yanzu idan wuta ta kama, ƙananan nan su ne tsaninta. Ta hau kansu ta kai ƙololuwar manya, daga nan kuma sai gudu daga kan wannan bishiya zuwa waccan, babu mahaluƙin da zai tsaya gabanta.

Ni yadda nake kallon abin, bashi ne. Kowace wutar da aka kashe, makamashin da ya kamata ta ci yana nan ajiye yana ƙaruwa. Za a biya, ko a ranar da ka zaɓa mai sanyi da danshi, ko a ranar da ta zaɓa da kanta.

Nafisa:
Malam, to shin kafin 1910 ɗin tsawa ce kaɗai ke kunna waɗancan ƙananan wutace?

Malam Sani:
A'a Nafisa. Tsawa na yin nata, amma 'yan asalin ƙasar ma sun shafe dubban shekaru suna ƙona daji bisa sani. Ƙabilun Karuk da Yurok a arewacin Kalifoniya suna kunna wuta don tsiron da suke saƙa kwanduna da shi ya fito miƙaƙƙe, don rage ƙwarin da ke ɓata 'ya'yan itatuwan da suke ci, don buɗe wa namun daji wurin kiwo. A 1850 Kalifoniya ta yi dokar da ta haramta irin wannan ƙuna. Yau ga hukumomi na komawa wurin jikokinsu suna neman a koya musu.

Alhaji Isa:
Malam, na ji tarihi, Allah ya ƙara sani. Amma tambayata na nan. Bashin da kake magana a kai, wa ya ci shi? Hukuma. Wa ya biya a New Mexico? Talakan da ya gaji gona da gida tun kaka da kakanni. An ce a 2022 majalisa ta ware kusan dala biliyan 4 na diyya, amma mutane sun daɗe suna jira, kuma kuɗi ba ya mayar da dajin da mutum ya tashi a cikinsa. Bayan wutar ma sai ambaliya ta biyo, tunda babu sauran tsiron da zai riƙe ƙasa a kan duwatsu.

Ɗanlami:
Salamu alaikum. Baba Alhaji, a gafarce ni in sa baki. Na yi kakar gobara uku ina aikin kashe gobarar daji a yammacin Amurka, cikin ayarin masu haƙa da hannu, don haka abin da zan faɗa daga ƙasa na gan shi.

Da farko mutane na zaton da ruwa muke kashe gobarar daji. A mafi yawan wuraren da na yi aiki ko mota ba ta zuwa, balle tankar ruwa. Mu ashirin ne a ayari. Masu zarto mai inji suna gaba suna sare duk abin da ke tsaye, na bayansu na janye rassan suna jefarwa gefe, mu kuma muna biye da kayan haƙa muna kankare ƙasa har sai mun kai ga tsurar ƙasa wadda babu ganye ko saiwa a cikinta. Wani siririn layi ne, wani lokaci faɗinsa bai wuce taku ɗaya ba, amma yana iya yin kilomitoci. Wuta na zuwa ta tarar babu abin ci, sai ta tsaya. Babban makaminmu wani ƙarfe ne mai baki biyu, gefe ɗaya gatari, ɗaya gefen kamar fartanya. Pulaski ake kiransa, sunan wani jami'in daji ne, Ed Pulaski, wanda a gobarar 1910 ɗin da Malam ya ambata ya tura mutanensa kusan 45 cikin wani tsohon ramin haƙar ma'adinai kusa da garin Wallace, ya tsare bakin ramin da bindiga don kada tsoro ya sa wani ya fita. Mafi yawansu sun rayu.

Abin da nake so Baba ya ji shi ne, ko a tsakiyar gobara da wuta muke yaƙar wuta. Idan mun gama layi, sai a ɗauko wata 'yar tukunya mai dogon baki da ke ɗigar da cakuɗen dizal da fetur, a bi gefen layin ana kunnawa, don wutarmu ta cinye abin da ke tsakaninmu da babbar kafin ta iso. Wurin da ya riga ya ƙone baƙi muke ce masa, kuma nan ne mafakarmu. Tun ranar farko ake cusa maka cewa ƙafarka ɗaya ta kasance a cikin baƙi. Duk wanda ya yi wannan aiki ya san babu abin da ke tsayar da babbar gobara kamar ta iso inda aka riga aka ƙona.

Na taɓa ganin haka ƙiri-ƙiri. Wuta ta taso daga kwari tana cin kan bishiyoyi, ƙararta kamar jirgin ƙasa na tahowa. Da ta shiga wani yanki da aka sassabe aka ƙona shekaru kaɗan kafin nan, sai ta sauko ƙasa, harshenta bai wuce gwiwa ba. A nan muka tare ta. Da babu wannan wuri, da sai dai mu ja da baya mu zuba mata ido.

Maman Ilham:
Ikon Allah. To jiragen nan fa da muke gani a bidiyo suna zubo jan abu? Na zaci su ne ke kashe ta.

Ɗanlami:
Yaya, su dai suna saya mana lokaci ne. Jan abin sinadari ne mai kama da takin zamani da ake damawa da ruwa, a zuba a gaban wutar don ya rage mata gudu. Launin don matuƙi ya ga inda ya riga ya zuba ne. Idan babu mutane a ƙasa da za su bi da haƙa, wutar za ta ratsa ta wuce. Kuma ranar da iska ta yi ƙarfi ko hayaƙi ya rufe sama, ranar da aka fi buƙatarsu ke nan, ba sa iya tashi.

Injiniya Bashir:
Bari in ƙara wani lissafi a kan na Malam Sani. Hukumomin na kashe kusan kashi 98 cikin 100 na gobara tun tana ƙarama. Wace ce ke kuɓucewa? Wadda ta tashi a ranar da ta fi kowace zafi, bushewa da iska. Ma'ana mun hana duk wutar da za ta yi wa daji shara a hankali, mun bar wadda za ta yi ɓarna kaɗai. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a tsarin.

Sai batun kuɗi. A 1995 kashe gobara na cin kashi 16 cikin 100 na kasafin hukumar gandun daji. A 2015 ya haura rabi. Da kuɗin ya ƙare a tsakiyar kaka, sai su ɗebo daga asusun sassabe da ƙunar rigakafi su cike giɓi, wato a cinye kuɗin maganin gobarar baɗi don kashe ta bana. Sai a 2018 majalisa ta ware wani asusu na daban, ya fara aiki a 2020.

Alhaji Isa:
To Injiniya, tunda itatuwa ne suka yi yawa, me zai hana a bar 'yan katako su shiga su sare? Gwamnati ta samu kuɗi, mutane su samu aiki, daji ya yi sarari, babu wanda ya kunna ashana.

Injiniya Bashir:
Alhaji, sara na cikin maganin, ban ƙi ba. Matsalar ita ce abin da ɗan katako ke so da abin da wuta ke so sun sha bamban. Shi manyan bishiyoyi yake nema, su ne masu kuɗi, kuma su ne masu jure wuta. Ƙananan da ke zame mata tsani ba su da kasuwa sosai, sai ma an biya mutum ya kwashe. Sannan idan an sare an bar rassa da ganye zube a ƙasa, an ƙara mata abinci ne. Shi ya sa bayan sassabe ake tara su tsibi-tsibi a ƙona da hunturu. Ko ta ina ka bi, sai ka dawo ga ashanar nan.

Nafisa:
Ina da ja a kan yadda maganar ke tafiya. Ana yi kamar duk filin gwamnati dajin pine ne da ke kishin wuta. A kudancin Kalifoniya akwai tsaunuka masu cunkoson ƙananan itatuwa da ake kira chaparral, su matsalarsu wuta ta yi musu yawa ne. Suna buƙatar shekaru da dama tsakanin gobara da gobara kafin su farfaɗo, mutane kuma na kunna su a kai a kai. Haka a Nevada da maƙwabtanta, inda Hukumar Kula da Filaye ke riƙe da fili mai yawa, wata baƙuwar ciyawa mai suna cheatgrass ta mamaye. Tana bushewa da wuri, ta ƙone, ta riga kowane tsiro dawowa, ta sake ƙonewa. A irin waɗannan wurare ƙara wuta ƙara ciwo ne.

Malam Sani:
Kin yi daidai, kuma na gode da gyara. Kowane daji da irin wutarsa. Akwai ma na uku, kamar gandun Yellowstone, inda dajin wani nau'in pine mai suna lodgepole bisa ɗabi'arsa yakan ɗauki ƙarni ko fiye bai ƙone ba, ranar da zai ƙone kuma ya ƙone ƙurmus. A 1988 kusan kashi 36 cikin 100 na gandun ya ƙone. An tura mutum kimanin 25,000, an kashe kusan dala miliyan 120, amma dusar ƙanƙarar da ta sauka a watan Satumba ce ta karya lagonta. Jaridu suka ce gandun ya mutu. Alhali ƙwayar irin wannan bishiya tana kulle ne cikin kwanso da wani ƙaro ya liƙe, zafin wuta ne ke buɗe shi. 'Yan shekaru kaɗan sai ga sabbin tsiro sun rufe ƙasa.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na manyan bishiyoyin sequoia na Kalifoniya, waɗanda wasunsu sun haura shekara 2,000. Sun ga gobara ba adadi sun tsira. Amma a 2020 da 2021 wuta ta kashe dubbai daga cikin manyansu, saboda tsananinta ya wuce abin da suka saba. A Satumban 2021 har naɗe gindin babbarsu, General Sherman, aka yi da wani bargo mai ƙyalli. Abin da ya fi bargon amfani shi ne kurmin da take ciki an shafe shekaru ana yi masa ƙunar rigakafi, da wutar ta iso sai ta yi laushi.

Hajiya Rabi:
Duk kun yi maganar itace da gidaje, ba wanda ya ambaci huhu. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Hayaƙin gobarar daji na ɗauke da ƙura mai ƙanƙanta ƙwarai wadda ke wucewa har cikin jini. Masu asma, tsofaffi, masu ciwon zuciya, jarirai, su ke fara jigata. Ku tuna Yunin 2023 da hayaƙin Kanada ya mayar da sararin New York ruwan lemo, alhali wutar na can nesa da ɗaruruwan kilomitoci. Ƙunar rigakafin ma hayaƙi take yi. Uwar da ɗanta ke fama da numfashi, idan ka ce mata wannan hayaƙin na alheri ne, ba za ta saurare ka ba.

Amma in faɗi gaskiya, da za a ba ni zaɓi, na fi son na kwana biyu da aka sanar da ni tun da wuri, in rufe tagogi, in tanadi magani, in kwashe mara lafiya zuwa wani wuri, a kan na sati shida da zai faɗo mini ba sallama. Sharaɗina shi ne a sanar da mutane da gaske, gida-gida idan ta kama.

Ɗanlami, ku da kuke cikinsa tsundum, me kuke rufe hanci da shi?

Ɗanlami:
Hajiya, ƙyalle ne kawai, wani lokacin ma babu. Tukunyar iska irin ta 'yan kwana-kwanan cikin gari ba ta ɗaukuwa a kan dutse na tsawon awa 16. Kwana 14 ake yi a jere kafin a ba ka hutu, kana kwana a ƙasa, sau da yawa cikin hayaƙin. Duk ƙarshen kaka da tari nake komawa gida, ya yi wata bai sake ni ba.

Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kafin a ɗauke ka sai ka yi tafiyar mil 3 cikin minti 45 da kaya mai nauyin kusan kilo 20 a bayanka. Bayan duk wannan, har zuwa 2021 sabon shiga na karɓar wajen dala 13 ne a awa, sai a shekarar aka ɗaga mafi ƙanƙanta zuwa 15. A lokacin, a takarda ma da yawa ba a rubuta su a matsayin masu kashe gobara ba, ma'aikatan fasahar daji ake ce musu. Kaka na ƙarewa a sallame ka. Waɗanda suka ƙware, masu shekara goma sha biyar da ke iya duban gajimare su ce a janye, su ne ke barin aikin su koma inda ake biya. Kuma su ɗin ne dai ake buƙata su jagoranci ƙunar rigakafi. Ga shi lokacin da ya dace a yi ƙunar, farkon bazara da ƙarshen kaka, shi ne lokacin da ma'aikatan wucin gadi ba su zo ba ko sun riga sun tafi.

Maman Ilham:
Allah ya saka muku. Ƙanena, ba ka jin tsoro kuwa?

Ɗanlami:
Ina ji mana, Yaya. Wanda ba ya ji shi ne abin tsoro a ayari. Dokokinmu duk da jinin wasu aka rubuta su. A Mann Gulch, Montana, ranar 5 ga Agustan 1949, matasa 15 suka diro da laima daga jirgi. Wuta ta tsallaka kwarin ta biyo su daga ƙasa, ita kuwa ta fi gudu a hawa fiye da gangara, mutum kuma akasin haka. Shugabansu Wag Dodge ya ga ba za su tsere ba, sai ya ƙyasta ashana ya ƙona ciyawar gabansa ya kwanta cikin tokar, yana kiransu su shigo. Ba su taɓa ganin an yi haka ba, suka wuce shi da gudu. Mutum 13 suka rasu, shi ya tashi da ransa. A 1994 a South Canyon, Colorado, mutum 14 suka rasu. A ranar 30 ga Yunin 2013 a Yarnell, Arizona, hadari ya juya iska, ayarin Granite Mountain suka rasa mutum 19 cikin 20. Sun shiga 'yan tantunan ƙyalli da kowa ke ɗauke da shi a ƙugu, amma zafin ya fi ƙarfin tantin. Wanda ya tsira shi ne mai gadin da aka ajiye a wani wuri daban yana duba musu wutar.

Shi ya sa kafin a sa ƙarfe a ƙasa sai an amsa abu huɗu: wa ke duba mana wuta daga sama, ta yaya za mu ji shi, ta ina za mu gudu, ina za mu fake. In ɗaya ya ɓace, a dakata.

Idan na ji ana cewa a kashe kowace wuta nan take ko a ina take, waɗannan mutane nake tunawa. Wani lokaci tsawa ce ta kunna ta a can ƙuryar duwatsu, babu gida ko ɗaya kusa, dajin ma na buƙatarta. A tura yara ashirin cikin kwazazzabo saboda me?

Injiniya Bashir:
Wannan ya kawo mu ga gidaje. A gobarar garin Paradise na Kalifoniya da kewayensa a Nuwamban 2018, mutum 85 suka rasu, gine-gine sama da 18,000 suka tafi, kuma layin wutar lantarkin kamfanin PG&E ne sanadi. Mafi yawan gobarar Amurka, sama da kashi 80 cikin 100, daga hannun mutane take tashi. Binciken Jack Cohen, masani a hukumar gandun daji, ya nuna yawancin gidaje tartsatsi ne ke cinye su, wanda iska ke ɗauka ta kai shi nesa gaban wutar. Ya faɗa cikin busasshen ganyen da ya taru a indararo, ko ya shige ta ramin shan iska, ko ya sauka kan itacen da aka jingine da bango. Shi ya sa za ka ga gida ya ƙone ƙurmus, bishiyar gefensa na nan kore. Kalifoniya na wajabta share ƙafa 100 kewaye da gida a irin waɗannan yankuna. Ko an gyara dajin gwamnati duka, mai gida na da nasa aikin.

Alhaji Isa:
Na saurare ku duka, kuma na ƙaru, musamman da bayanin yaron nan Ɗanlami, Allah ya yi masa albarka. Na yarda ba a raba daji da wuta. Amma ban janye kalmar ganganci a kan New Mexico ba. An yi shekaru ana fari, lokacin iska ne, suka kunna.

Malam Sani:
A nan kam ina bayanka, Alhaji. Binciken da hukumar ta yi wa kanta ya amsa cewa ba a auna tsananin bushewar dajin daidai ba, kuma akwai matsin lambar a cim ma aikin da ya taru. Shugabanta na lokacin, Randy Moore, ya dakatar da duk ƙunar rigakafi na kwana 90 a watan Mayun shekarar. Suna yin kusan 4,500 a shekara, fiye da kashi 99 cikin 100 na tafiya yadda aka tsara, amma wannan lissafi ba ya sanyaya zuciyar wanda ya faɗa cikin ragowar. Ga kuma yanayi na sauyawa. Hukumar da kanta ta ce lokacin gobara ya ƙaru da kwana 78 idan aka kwatanta da 1970, don haka ranakun da za a iya ƙuna lafiya sai raguwa suke yi.

Tsorona shi ne darasin da ma'aikaci zai ɗauka. Idan ya kunna ta ƙwace, sunansa ne a jarida. A Oktoban 2022 a Oregon har kama wani jagoran ƙuna aka yi bayan wuta ta tsallaka filin wani makiyayi. Idan kuwa ya naɗe hannu bai yi komai ba, bayan shekara goma dajin ya tashi da gari guda, za a ce ƙaddara ce, babu mai tuhumarsa. Florida ta duba wannan tun 1990, ta yi dokar da ke ba wanda ya samu horo ya kuma bi ƙa'ida kariya, yanzu ana ƙona kusan eka miliyan 2 a shekara a jihar bisa tsari.

Alhaji Isa:
Kariya ga mai kunnawa, na ji. To a haɗa da biyan wanda aka ƙona wa gida cikin gaggawa, ba sai ya yi shekaru yana yawo da takardu ba. Kuma a zauna da mutanen wurin kafin a kunna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, su suka san watan da iskar kwarinsu ke haukacewa.

Nafisa:
Yaya Ɗanlami, abu ɗaya ban gane ba. An ce ita Calf Canyon tun watan Janairu aka ƙona tsibin rassan, har dusar ƙanƙara ta sauka a kai, amma sai a Afrilu ta tashi. Ta yaya wuta za ta yi wata uku a ƙarƙashin ƙanƙara?

Ɗanlami:
Tana yi, ƙanwata. Takan bi saiwa ko ruɓaɓɓen kututture ta shige ƙasa, toka ta rufe ta, tana ci a hankali ba hayaƙi. Ranar da ƙasa ta bushe iska ta yaye tokar, sai ta miƙe. Shi ya sa aikin da ya fi cin lokaci shi ne na bayan wuta ta kwanta, wanda ba a nunawa a talabijin. Mukan jera mu bi wurin taku-taku, mu tone kowane kututture, mu cakuɗa garwashi da ƙasa. Sannan ka cire safar hannu ka bi tokar da bayan hannunka. In ka ji ɗumi, ka sake tonawa. Yanzu ana amfani da na'urar da ke ganin zafi daga jirgi, tana taimakawa sosai, amma zafin da ya nutse can ƙasa yakan ɓuya mata. Tsibi ɗari biyar a kan dutse, kowanne sai an koma masa an sake komawa har bazara ta shigo, kuma a watannin nan ayarin da zai yi hakan an riga an sallame shi.